Ina kula da ƙafar masu ciwon suga a Kano, shin takarduna za su karɓu a waje?

'Yar Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya, na gida da na waje. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya ga abin da idonsa ya amsa mini.

Ni nas ce mai rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya. Difloma gare ni, ban yi digiri ba. Tun da aka mayar da ni sashen masu ciwon suga, aikina kusan gaba ɗaya ya koma kan ƙafa. Duk wanda ya zo sai ya cire takalmi. In taɓa tafin ƙafarsa da zaren gwajin nan mai nauyin giram 10 in ga ko yana ji, in laluba bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu, in duba tsakanin yatsu, in kankare kanta, in rage farcen da ya yi kauri. Mai gyambo kuma in wanke, in cire mataccen nama, in naɗe. Da hunturu aikin ke ninkuwa, domin tsofaffi kan miƙe ƙafa kusa da kaskon wuta, ƙafar kuwa ba ta jin zafi, sai da safe a tarar ta yi bororo. Mata kullum roƙonsu nake su bar lalle sai bayan ranar asibiti, don yana ɓoye mini launin fata, ba na gane inda ya fara ja ko ya fara baƙi. Ina son aikin nan ƙwarai. Ranar da mutumin da aka ce za a yanke wa ƙafa ya shigo yana takawa da kansa, ba na iya kwatanta abin da nake ji.

Horon da na samu a kan ƙafa shi ne wani kwas na 'yan makonni da wata ƙungiya ta shirya, aka ba mu satifiket. Sauran duk a hannun likitan fiɗa da nake aiki a ƙarƙashinsa na koya.

To wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani ejan. Ya ce a Ingila neman likitocin ƙafa suke ruwa a jallo, kuma da satifiket ɗin nan da wasiƙar shaidar aiki zai samo mini aiki a matsayin likitar ƙafa, in Ingila ta ƙi akwai Jamus. Kuɗin da ya yanka miliyoyi ne, rabi kafin a fara. Maigidana ya ce zai iya sayar da filinsa, amma in fara tambayar waɗanda suka sani. Yaranmu uku, albashina ba ya kai mu ƙarshen wata, shi ya sa maganar ta shiga raina.

Don Allah wace hukuma ce ke duba takardun mai irin aikina a can? Satifiket ɗina zai karɓu? In ba zai karɓu ba, akwai hanyar da zan ci gaba da aikin ƙafa a waje, ko dole in koma jinyar gama-gari?

Nas a Bradford:

Wa alaikumus salam Sista. Kafin komai, ki ce wa maigida ya riƙe filinsa. Abin da ejan ɗin nan ya faɗa miki ba zai yiwu ba, ko da kuwa da zuciya ɗaya ya faɗa.

A Birtaniya likitancin ƙafa sana'a ce mai zaman kanta, kamar gashin ƙashi. Hukumar da ke yi musu rajista ita ce HCPC, ba NMC tamu ta nas-nas ba. Sunaye biyu, podiatrist da chiropodist, doka ta killace su. Wanda ba ya cikin rajistar HCPC ya kira kansa da ɗaya daga ciki ya aikata laifi, ana iya kai shi kotu a ci shi tara. Babu asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, da zai ɗauke ki a wannan matsayi ba tare da lambar rajista ba, rajistar kuma a buɗe take a intanet, ko majinyaci zai iya buga sunanki ya duba.

Masu wannan lamba digiri suka yi, shekara 3 a Ingila, 4 a Sikotland. Kuma ba gyambo kaɗai suka karanta ba. Sun karanta tsarin ƙashi da jijiyoyin ƙafa, da yadda mutum ke taka ƙasa, da ƙera shimfiɗar cikin takalmi don gyara taku, da ilimin magunguna. Suna yin allurar kashe zafi a yatsa su cire gefen farcen da ya shige nama, su shafa sinadarin fenol don kada ya sake tsirowa. HCPC tana da ƙofa ga waɗanda suka yi karatu a waje, amma abin da take yi shi ne ta karɓi bayanin darussan da kika yi, wanda makarantarki da kanta za ta cike ta buga hatimi, ta jera shi da abin da ake buƙata daga ɗalibinsu. Suna duba gogewar aiki, tana iya cike ɗan giɓi, amma ba ta maye gurbin digirin gaba ɗaya. Kwas ɗin 'yan makonni ba zai tsallake ba, kuɗin duba takardun kuma ba a mayarwa. Ga kuma jarrabawar Turanci ta IELTS, maki 7, babu ɓangaren da zai gaza 6.5.

Ina zargin ɗaya daga cikin abubuwa biyu yake shirin saka ki. Akwai masu aikin da ake kira foot health practitioner, suna yankan farce da kankare kanta, galibi suna bin tsofaffi gida-gida. Aiki ne na halal, kwas ɗinsa gajere ne, doka ba ta killace sunan ba. Sai dai yawancinsu kansu suke yi wa aiki, bizar aiki kuwa sai da ma'aikata mai lasisin ɗaukar nauyi. Na biyun shi ne aikin kula da tsofaffi, wanda da yawa daga cikin mutanenmu suka shigo da shi. Tun Maris 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyali, a ranar 22 ga Yuli 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Na san waɗanda suka biya maƙudan kuɗi suka iso suka tarar babu aikin, suna kwana a falon mutane. Ba na so in ga uwar yara uku a wannan hali.

Ki kuma sani Najeriya tana cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, waɗanda ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. Saboda haka NHS da ejan-ejan masu bin ƙa'ida ba sa zuwa ɗibar ma'aikata daga gida. Amma ke da kanki kina da damar neman aikin da aka tallata, kai tsaye. Dokar Birtaniya ma ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga mai neman aiki.

Ƙofar da takardarki ke buɗewa ita ce ta nas. Ni ma da difloma na zo. Ki ci jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, ki yi jarrabawar kwamfuta ta NMC tun kina gida, ki nemi aiki, in kin iso ki yi ta gwajin hannu wato OSCE. A matakin albashi na 5 za a fara da ke. Ni a ɗakin masu ciwon hanyoyin jini nake, kullum muna tare da ƙungiyar kula da ƙafar masu suga, wadda ta haɗa likitan suga, likitan fiɗa, likitan ƙafa, mai ƙera takalmi da nas. Ƙa'idarsu ita ce duk mai sugan da aka ga sabon ciwo a ƙafarsa a tura musu shi cikin ranar aiki 1. Akwai kuma nas-nas da suka ƙware a kan raunuka masu wuyar warkewa, nan nake ganin wurinki. Amma ki shirya ranki, askar da kike riƙewa a Kano, a nan ba za ki kusance ta ba sai an tura ki horo na musamman an sa hannu cewa kin iya. Wannan ya fi komai yi wa irinku ciwo a farko.

'Yar Fagge:

Allah ya saka da alheri Anti. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na karanta wa maigida, ya ce alhamdulillahi da ba a riga an kira dillalin fili ba. Amma ki yi haƙuri in tambaya, wato duk shekarun nan da na yi ina durƙushe gaban ƙafafun mutane ba a bakin komai suke ba a wurinsu? Kuma in ina can, ba halin in zama likitar ƙafar ta gaske daga baya?

Nas a Bradford:

Suna da amfani sosai, sai dai ba a teburin rajista ba. A wurin ganawar ɗaukar aiki za su yi miki rana. Nas ɗin da za ta iya bayanin bambancin gyambon mutuwar jijiya da na toshewar jini, ko ta ce in ta ga ƙafar mai suga ta kumbura ta yi zafi babu rauni za ta yi zargin ciwon Charcot mai rugurguza ƙasusuwan ƙafa ta hana shi takawa, ba kullum suke samun irinta ba.

Zama likitar ƙafa daga baya yana yiwuwa. Akwai digiri na biyu na shekara 2 da ke kai mutum ga rajista, Jami'ar Brighton na cikin masu yin sa, amma sai mai digirin farko. Akwai kuma tsarin da ma'aikata ke ɗaukar nauyin ma'aikacinta, yana aiki yana karatu. Ki dai sa a ranki tafiya ce ta shekaru.

Ɗan Zariya a Jamus:

Hajiya barka da ƙoƙari. Tunda an ambaci Jamus bari in sa baki, don ni yanzu haka a makarantar wannan sana'a nake.

A nan ana kiran mai ita Podologe, mace Podologin, kuma tun 2002 doka ta killace sunan. Ba digirin jami'a ba ne kamar na Ingila. Karatun shekara 2 ne in cikakken lokaci za a yi, awa 3,000, daga ciki 2,000 a makaranta, 1,000 a wurin aiki, a ƙarshe a yi jarrabawar gwamnati. Akwai masu gyaran ƙafa na kwalliya daban, su ba ruwansu da marar lafiya, kuma inshorar lafiya ba ta biyan aikinsu. Mu likita ke rubuto wa mai suga takarda ya kawo mana, inshora ta biya.

Abin da nake so ki gane shi ne iyakar aikin. Mu rigakafi muka fi yi: farce, kanta, rage matsi a inda takalmi ke gurza, sa ɗan ƙarfen da ke ɗaga farcen da ke shigewa nama. Ba ma allura, ba ma fiɗa, in ciwo ya buɗe ya koma hannun likita. Daga bayaninki na ga wankin gyambo ne ƙarfinki. To a Jamus ma a ɓangaren jinya za ki fi samun hakan, akwai ƙarin horo kan raunuka da nas-nas ke yi.

Batun amincewa da takardu kuwa, kowace jiha da ofishinta, sai kin zaɓi inda za ki zauna kafin ki san wa za ki aika wa. Akwai shafin gwamnati mai suna Anerkennung in Deutschland, kyauta ne, yana da Turanci, zai nuna miki ofishin. Su ma awoyi da darussa suke ƙirgawa. In suka ga akwai bambanci mai yawa sai su ba ki takardar da ke lissafa abin da ya rage, ki zaɓi ko kwas ɗin cike giɓi ko jarrabawa. Amma wannan ga wanda ya yi karatun sana'ar ne a ƙasarsa. Ke sana'ar da kika karanta jinya ce, ita za su duba. In Podologin kike so ki zama, makarantar za ki shiga, kina iya roƙon a rage miki wani abu saboda karatun jinya, ofishin jiha ke yanke hukunci. Kuma galibi ba a biyan ɗalibin wannan fanni albashi kamar yadda ake biyan ɗalibin jinya, don haka sai kin nuna abin da za ki ci kafin a ba ki biza.

Sai harshe. Matakin B2 ake nema, kuma kada wani ya ce miki abu ne na wata biyu. Tsohuwa 'yar shekara 85 za ki zauna gabanta kusan awa guda, tana ba ki labarin jikokinta da karin harshen ƙauyensu, a cikin labarin ne za ta ambaci cewa ƙafar na yi mata zugi da dare. In ba ki ji ba, kin rasa abin da ya kawo ta. Cibiyar Goethe da ke Legas na yin jarrabawar.

Game da ejan: dokar Jamus ta ce daga ƙasashen da ke cikin jerin nan da Anti ta ambata, hukumar ƙwadago ta tarayya ce kaɗai ke da ikon ɗauko ma'aikatan lafiya. Ɗan kasuwa ba shi da wannan hurumi. Ki tambaye shi da wane izini zai kai ki.

Baban Amira, Madina:

Salam. Ni ina ganin 'yar uwa ta duba nan ɓangaren ma. Ciwon suga ya yi yawa a Saudiyya, asibitoci da dama suna da sashen ƙafar masu suga, nas-nas ne ke yin mafi yawan wankin ciwon. Lokacin aikin Hajji kuwa Allah kaɗai ya san adadin ƙafafun da muke gani. Alhaji ya fito daga masallaci bai ga silifas ɗinsa ba, ya taka ƙasa da rana tsaka har masauki, ƙafar ba ta ji, ya iso tafin ya saluɓe. Da yawa mutanenmu ne, kuma nas mai jin Hausa a irin wannan lokaci rahama ce.

Hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a nan ita ce SCFHS. Kafin ta ba ki matsayi, kamfanin DataFlow zai tuntuɓi makarantarki, da hukumar da ta ba ki lasisi, da asibitin da kika yi aiki, ya tabbatar daga bakinsu. Daga nan sai jarrabawar Prometric. Matsayin da za a ba ki yana bin babbar takardarki ne: mai difloma da Larabci ake ce masa "fanni", mai digiri kuma "akhissa'i" wato ƙwararre, kuma albashinsu ba ɗaya ba. Satifiket ɗin gajeren kwas ba ya canza matsayi, sai dai ya taimaka a tura ki sashen da kike so.

Gargaɗi ɗaya. Kada ki yarda kowa ya "gyara" miki wasiƙar aiki, ya ƙara shekaru ko ya rubuta muƙamin da ba naki ba. In DataFlow ta gano, rahoton zai bi ki, ƙasashen yankin da yawa da kamfanin suke aiki. Kuma ki karanta kwantiragi da kyau kan maganar iyali da masauki, don wasu a gidan ma'aikata za su ajiye ki ke kaɗai.

Ɗan Damagaram:

Don 'yan uwanmu na Nijar da ke karantawa, Faransa ma haka abin yake. Sunan sana'ar pédicure-podologue, karatun shekara 3 ne da difloma ta gwamnati, kuma dole mutum ya yi rajista da ƙungiyar sana'ar kafin ya taɓa majinyaci. Takardar da aka samo a wajen Tarayyar Turai ba ta ba mutum damar fara aiki kai tsaye, ko da da Faransanci ya yi karatun.

Tsohuwar Metiron:

'Yata, na karanta duka. Ni na yi ritaya, ban taɓa aiki a waje ba, amma na sa hannu a takardun yaran da suka tafi, na ga inda suke tuntuɓe.

Ba zan ɓoye miki ba, raina bai so ba da na ji mai hannu irin naki na shirin tafiya. Na san yadda masu suga ke zuwa mana, sai an gama shafe-shafe a gida, wanzami ya tsaga, ƙafa ta fara wari, sannan a ɗauko su. Mai haƙurin duba tsakanin yatsun tsoho ba ta da yawa. Amma ban isa in ce ki zauna ba alhali na san abin da ake biyanki. Abin da zan roƙe ki, tun yau ki jawo ƙananan nas biyu ki koya musu duk abin da kika iya, har yadda kike yi wa majinyaci bayanin tsane tsakanin yatsu bayan alwala da zazzage takalmi kafin a saka.

Sai abin da zai amfane ki ko kin tafi ko ba ki tafi ba. Ki sayi babban littafi ki riƙa rubuta aikin kowace rana: irin ciwon, abin da kika yi, yadda ya ƙare, ba tare da sunan majinyaci ba, likitanki ya riƙa sa hannu duk wata. Ki fito da duk takardunki ki shimfiɗa a tabarma ki duba suna da ranar haihuwa. Sau da yawa WAEC ta ce Aishatu, lasisi ya ce Aisha, fasfo ya ɗauki sunan miji, NIN kuma da wata shekarar daban. Wannan kaɗai ya tsayar da yara da yawa watanni. Sannan ki nemi digirin jinya. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da shi don masu rajista irinki, Bayero ma tana da sashen jinya. Kin ji da kunnenki, Saudiyya da digiri take bambanta matsayi, Ingila ma sai da shi za ki shiga karatun shekara 2 ɗin nan.

'Yar Fagge:

Na gode Mama, Allah ya ƙara girma. Na duba, kuma kamar kin gani, fasfona da lasisina ba suna ɗaya suke ɗauke da shi ba. Littafin zan fara a wannan makon in sha Allahu, akwai yarinyar da na riga na sa wa ido a sashenmu. Ejan kuma na aika masa cewa na fasa. Anti ta Bradford, da wanne zan fara, jarrabawar Turancin ko neman takardun makaranta?

Nas a Bradford:

Fara da gyaran suna, sannan takardun makaranta. Ki je da ƙafarki, kada ki aika, ki nemi cikakken sakamakon da ke nuna awoyin aji da na ɗakin majinyata na kowane darasi, domin Jamus da Saudiyya ma za su nema in kin canza shawara. Ki shiga shafin hukumar jinya ta Najeriya ki karanta sharuɗɗan tantancewa da ke aiki a ranar, an sha taɓa su tun Fabrairun 2024, kuma ki tabbatar lasisinki bai ƙare ba. Turancin ki fara karatunsa yanzu, musamman ɓangaren rubutu, a nan yawancinmu ke faɗuwa. Amma kada ki biya kuɗin zama jarrabawar sai takardun sun kusa fitowa, don sakamakon shekara 2 kawai yake yi kafin ya mutu.